Ƙunshin da Na Hana a Buɗe

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga autata Safiya. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da gajiyar hanya, ina fatan kin sauka lafiya, kin tarar da gwaggonki da mutanen gida lafiya. Allah ya tsare ki a masauki da kan titi, ya raba ki da sharrin mugu, ya raba ki kuma da ɓarnar mai son taimako wanda bai san yadda ake yi ba, irin ubanki.

Malam Issufu mai littattafai na unguwar Darrasa, nan Alƙahira, shi ne yake rubutawa, ni ina faɗa. Na ce masa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, kada ya gyara mini Hausa. In kin ga wata kalma mai nauyi, tasa ce, ba tawa ba.

An haife ki shekarar da soja suka sauka daga mulki a can gida aka rantsar da farar hula. Lokacin muna ɗakin nan na Darrasa, ba mu koma unguwar Faisal ba. Ranar sunanki ɗalibai 'yan gida masu karatu a nan suka cika mana matakala suna gardama a kan sabon tsarin mulki. Wani dogo daga cikinsu ya ce daga yau ba mai ikon kulle mutum sai alƙali ya ji ta bakinsa. Na ce su ci namansu su tashi, ni na ga gwamnatoci da yawa, ban ga wadda ɗan sandanta yake tambayar takarda kafin ya ɗaga hannu ba. Aka yi dariya. Ni ma maganar ta yi mini daɗi, na riƙe ta ina maimaitawa duk inda aka zauna shan shayi. Ban san ina haƙa wa gidana rami da ita ba.

Yau ga shi kin tafi gida, za ki shiga makarantar lauyoyi, za ki kuma bi maganar yayanki da ke tsare a gidan yari ba a yanke masa hukunci ba, ba a ma fara sauraronsa ba. Jaririyar da maƙwabtanmu suka haifa satin da aka kama shi, yanzu da jakarta take tafiya makaranta. Ranar Juma'a da za ki fita, kin tsaya a bakin ƙofa kika sake yi mini tambayar da kika daɗe kina yi.

"Baba, wa ya kawo ƙunshin nan?"

Na ce ban tuna ba.

Kika ce, "Baba, kai da ka san kabarin kowane Bahaushe a garin nan, da wanda ya yi masa wanka, da cutar da ta kashe shi?"

Na ce miki mikrobas, motar hayar nan, ba ya jira. Kika durƙusa kika ce in sa miki albarka, na sa, kika sauka. Tun ranar ban ci abinci na ji ɗanɗanonsa ba. Shi ya sa na zo na zaunar da Malam Issufu, na hana shi ciniki.

Bari in faro daga farko, ko da kin san rabin labarin, don a lokacin yarinya ce ke.

Kin san aikina a kasuwar Ataba, ɗaurin kaya. 'Yan kasuwa su zo daga Kano, daga Maraɗi, daga Damagaram, su sayi abaya da takalma da turare, ni in ɗaure. A sana'armu akwai abin da muke kira saƙo. Duk mai tafiya gida, za a ba shi ƙunshi ya kai wa wani, kuma ba a buɗewa. Buɗe saƙo a gaban mai shi, daidai yake da ka ce masa ban yarda da kai ba. Ni na fi kowa tsanani a kan wannan. Wata Hajiya ta taɓa kwance saƙon wani ɗalibi a gabana tana shinshinawa, daga ranar ban sake ɗaure mata ko ɗankwali ba. Ina alfahari da hakan.

Safiyar da yayanki zai tafi gida raka kaya, aka kawo ƙunshi a cikin baƙar leda, an naɗe shi da salatif. Aka ce maganin ciwon ƙafa ne na wata tsohuwa. Yayanki ya latsa shi ya ji ƙarar ƙwayoyi.

Ya ce, "Baba, wannan da yawa fa. In duba?"

Na ce, "Ka taɓa ganin na buɗe kayan mutum?"

Mahaifiyarku tana kicin, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, bar yaro ya duba, zamani ya canza."

Na ce, "Zamani ya canza, ni ban canza ba."

Ya sa a jakarsa. A filin jirgi na gida aka buɗe, aka ce ƙwayar nan ce da aka hana shigo da ita.

To Safiya, duk abin da aka miƙo miki, ƙunshi ne ko takarda, buɗe shi a gaban mai shi. Wanda ya yi fushi, bar shi da fushinsa, zai huce. Ni na tsare mutuncin wanda ya kawo kaya, ban tsare wanda zai ɗauka ba, alhali shi ne nawa.

Da la'asar yayanki ya kira ni da wayar wani daga cikin waɗanda suka kama shi. Yana haɗa Hausa da Larabci kamar yadda kuke yi.

Ya ce, "Baba, sun ce in ba da bayani. Wani da muke tare a nan ya ce in yi shiru sai lauya ya zo."

Na ce, "Shiru a gaban manya? Raini ke nan. Durƙusa ka ce ka yi kuskure, ka ba su haƙuri."

Ya ce, "Baba, ai ban yi komai ba."

Na ce, "Na sani. Ba don ka yi ake ba da haƙuri ba, don a wuce wurin ne."

Haka muka taso. A garinmu in babba ya ɗaga maka murya, kai ƙasa, ka ce na tuba, ko ba kai ka fasa tulun ba. Shi kuma babban ya ce tashi, ya wuce. Ban taɓa ganin an ce na tuba an ƙi cewa tashi ba. Yayanki ya bi maganata, don bai taɓa ƙetare ta ba. Ya ce ya yi kuskure, ya ba da haƙuri. Suka rubuta da Turanci, shi kuwa Larabci ya karanta, suka nuna masa inda zai sa hannu. Ba wanda ya ce masa tashi. Lauyar da ta karɓi maganarsa bara ta gaya miki abin da ke cikin takardar, wai ya amsa da bakinsa cewa kayan nasa ne.

Sai da kika yi nisa a karatu kika fahimtar da ni cewa wancan mutumin da ya ce ya yi shiru shi ne mai gaskiya. Kin ce tsarin mulkin da na yi wa dariya ranar sunanki ya ba wanda aka kama damar ya rufe bakinsa har ya ga lauya, ya kuma wajabta a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji. Na ce miki ai wannan sai in sun ga dama. Kika ce, "A'a Baba, haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce." Ni a rayuwata ban san bambancin biyun ba. Duk abin da na samu daga hukuma, na ɗauke shi alheri ne aka yi mini, na yi godiya har ƙasa.

Ban ce ki yar da ladabi ba. Ki gaida alƙali, ki gaida mai gadin kotu, ki gaida mai shara. Amma kada ki ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba, kada kuma ki bar talakan da ya zo hannunki ya yi haka. Mutanenmu da yawa irina ne. Za su ce sun tuba don kunya, a rubuta musu laifi. Ki fara gaya musu wannan kafin ki tambaye su komai.

Kuskurena na gaba ya fi waɗannan tsawo, don shi shekaru na yi ina aikata shi. Wani ɗalibi a nan ya ce in nemi lauya da gaggawa, doka ta ce ba a riƙe mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Na ce mai gaskiya me zai yi da lauya? A tunanina ɗaukar lauya kamar ka yi shela ne cewa ɗanka ɓarawo ne. Sai na yi abin da na iya, kamun ƙafa. Akwai wani babban mutum a gida da na daɗe ina ɗaure wa matansa kaya. Na aika masa da jallabiya da turare mai kyau, na kira shi na roƙa. Ya ce, "Malam Garba, halas, ka ɗauka ya fito." Yana son ya nuna mini shi ma ya ji Larabcin Misira. Na koma gida na ce wa mahaifiyarku ta kwantar da hankalinta.

Muna jiran babban mutum, aka kai yayanki wata ƙaramar kotu. Kotun ta ce maganar ta fi ƙarfinta, a ajiye shi a gidan yari har takardunsa su je inda ya kamata. Takardun suka tafi, ba su iso ba, ba su dawo ba. Zaɓe ya zo, babban mutum ya faɗi, lambarsa ta daina shiga. Na nemi wani babban. Haka na yi ta yi.

Ban kuma je gida ba. Na ce iƙamata, takardar izinin zamana, ce ta ƙare, in na fita ba zan dawo ba, wa zai ciyar da ku. Wannan gaskiya ne, amma ba ita kaɗai ba ce. Ɗan fari ne. Na ji nauyin a ce Garba ya haye jirgi yana rawar jiki a kan ɗan fari. In aka tambaye ni labarinsa a Ataba sai in ce yana nan, in kawo wata magana. Mahaifiyarku ita ma ɗan farinta ne, amma ta ajiye kunyar. Ta ce mini, "Malam, kunyar nan taka ita za ta cinye mini yaro." Na ce mata ma'alish, a yi haƙuri. Wannan kalma na yi ta ba ta har ta kwanta ciwo. Ke kika riƙe hannunta, kin san wanda take tambaya. Mun kai ta maƙabartar bayan gari cikin rairayi, ɗalibai suka ɗauke ta, ɗanta bai zuba mata ƙasa ba. Ke kika gaya masa ta waya, ni na kasa.

Saboda haka in kin je, kada ki nemi babban mutum. Za a kawo miki sunayensu, gwaggonki ma za ta ce ta san wani. Ki gode, ki tafi kotu. Abin da aka ba ka don an ji tausayinka, gobe ana iya karɓewa. Ki tambayi ranar zama, in an ɗaga ki tambayi dalili, in an sake ɗagawa ki sake tambaya. Ki zama mai naci irina, amma a inda nacin yake da amfani.

Kin san na yi faɗa da karatunki. Da kika ce shari'a da dokokin zamani za ki karanta, na ce aikin masu juya magana ne, na yi kwanaki ban amsa gaisuwarki ba. Ban hana ki ba don mahaifiyarku ta bar wasiyya a bar ki. Kika riƙa karanta mini kina fassarawa in na dawo daga Ataba, ni ina kishingiɗe ina nuna ba na ji. Ina ji. Wata rana kika ce kowane mutum marar laifi ne a idon doka har sai kotu ta saurare shi ta tabbatar.

Na ce, "Har wanda aka kama da kaya a hannu?"

Kika ce, "Har shi."

Na ce, "To, wanda ya kawo kayan fa?"

Kika dube ni. Kika ce, "Har shi, Baba."

Tun ranar maganar ta zauna mini. Yanzu zan gaya miki dalili.

Alhaji Tanimu ne ya kawo ƙunshin.

Malam Issufu ya ajiye biro yana salati. Ya ce, "Garba, Tanimun da muke shan shayi da shi duk Alhamis?" Na ce shi fa, ɗauki bironka, ba a gama ba.

Ke kin san shi a matsayin Baba Tanimu mai shagon abaya, wanda ya yanka ragon sunanki da hannunsa. Ni na san shi tun shekarar girgizar ƙasa, shekarar da na shigo garin nan ba ni da kowa. Shi ya sauke ni a ɗakinsa. Ranar da ƙasa ta motsa, bangon matakala ya tsage, ƙafata ta maƙale, mutane suna tattaka ni suna gudu. Tanimu ya riga ya fita titi, ya dawo ciki ya ciro ni. Shi ya koya mini ɗauri. Shi ya tsaya mini har na kawo mahaifiyarku da yayanki. Wannan mutum ne ya hau benenmu da baƙar leda a hannu.

Kuma ban taɓa tambayarsa ba. Ki ji abin mamaki. Duk shekarun nan muna zama, ya ce, "Ya labarin yaron?" in ce, "Sai addu'a," ya sunkuyar da kai, mu sha shayi. Ban san ko ya san abin da ke ciki ba. Wataƙila ya sani. Wataƙila shi ma wani ne ya ba shi, bai buɗe ba, don tare muka kafa wannan doka ta rashin buɗewa. Na ji tsoron amsar, na kuma ji tsoron in na faɗi sunansa a yi masa abin da aka yi wa yayanki, a ɗauke tsoho mai ciwon suga a jefa wani ɗaki a manta da shi. Sai na zaɓa a raina, ba tare da na faɗa wa kaina ba, cewa yaro ya fi tsoho iya jurewa. Na zama alƙali ni kaɗai, na yanke wa ɗana zama, na sallami abokina, ban saurari ko ɗayansu ba. Abin da nake zagin hukuma da shi, shi na yi a ɗakina.

Ga abin da nake roƙonki, kuma uba ne yake roƙo. Ki kai wa lauyar wannan suna. Amma ki gaya mata abin da na gani kawai na faɗa: ya kawo, ya ce magani ne, yaro ya nemi ya duba, ni na hana. Ban ce Tanimu mai laifi ne ba, ba ni da wannan sanin. In magana ta kai kansa, ina so ya samu duk abin da yayanki bai samu ba. A gaya masa da Hausa, a bar shi ya yi shiru in ya so, a ba shi lauya, a ji ta bakinsa. Na san ranki zai yi zafi, kin rasa uwa kin rasa wa a kan ledar nan. Amma ke kika ce mini har shi. In dokar taku ta yayanki ce kaɗai, to ba ta bambanta da kamun ƙafata ba.

In kin shiga wurin yayanki, kada ki yi kuka a gabansa, ki bari sai kin fito. Ki duba haƙoransa da ƙafafunsa, ba zai gaya miki in yana ciwo ba. Ki yi masa Larabci kaɗan, ya daɗe bai ji ba. Ki gaya masa mai ful, dafaffen waken nan, na bakin layinmu har yanzu yana tambayarsa, yana cewa ina dogon nan mai cin barkono. Ki gaya masa ɗakinsa yana nan, ban ba da haya ba. Sauran maganar da ke tsakanina da shi ba ta aike ba ce. In Allah ya sa ya fito ina da rai, ni zan durƙusa, kuma wannan karon akwai laifin da za a ba da haƙuri a kansa.

Wasiƙar nan wata Hajiya 'yar Kano za ta kawo miki, jibi za ta tashi. A buɗe zan ba ta. Zan ce ta karanta kafin ta sa a jaka, in ta ƙi in karɓe abina.

Ki gaida gwaggonki da yaranta. Ki gaida lauyar, ki ce wani tsoho da ya zagi sana'arta shekara da shekaru yana sa mata albarka. Allah ya tsare ki, ya ba ki harshe a gaban alƙali, ya sa a ji ki. Allah ya buɗe ƙofar da aka rufe a kan ɗan'uwanki. Allah ya jiƙan mahaifiyarku, ya sa ta yafe mini.

Gobe in Allah ya kai mu, in na yi sallar asuba zan hau mikrobas zuwa Ataba. Zan fara zuwa shagon Tanimu kafin masu ciniki su taru. Zan gaya masa abin da zan yi, ba zan yi a bayan idonsa ba, sannan in yi masa tambayar da ya kamata in yi tun tuni, in zauna in ji amsarsa har ƙarshe. Daga nan, ko me ya ce, Malam Issufu zai raka ni ofishin da ake rantsar da shaida, kamar yadda lauyar ta ce a yi, in faɗi abin da na gani a rubuta a karanta mini kafin in dangwala.

Malam Issufu ya ce a can ba za su karɓi "yaron" ko "yayan Safiya" ba, sai na faɗi sunansa da bakina. Sunan mahaifina ne, kuma ɗan fari ne, tun ranar da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba. Na ce to bari in gwada a nan tukuna, kada in je gaban mutane harshe ya ƙi.

Haruna. Sunansa Haruna, ɗana ne.

Mahaifinki,
Garba mai ɗauri, Faisal, Alƙahira.